Babban Kanti da Alkawarin Rage Hayaƙi: Ina Walmart Ya Tsaya?

A watan Disamba na 2024, kamfanin Walmart na ƙasar Amurka, wanda a lokacin ya fi kowane kamfanin sayar da kaya ciniki a duniya, ya fito fili ya ce da wuya ya cika alkawura biyu da ya ɗauka a kan sauyin yanayi. Ya yi alkawarin rage hayaƙin da kantunansa da motocinsa suke fitarwa da kashi 35 cikin 100 kafin ƙarshen 2025, da kuma kashi 65 cikin 100 kafin ƙarshen 2030, in aka gwada da na shekarar 2015. Maimakon raguwa, hayaƙin ya ƙaru da kashi 3.9 cikin 100 a shekarar 2023. Abin mamakin shi ne, watanni goma kafin wannan, a Fabrairu na 2024, kamfanin ya yi shelar cewa ya cimma wani babban buri na rage hayaƙi shekara shida kafin wa'adi.

'Yan'uwa, mai karatu a Jos ko Mubi ko Kafanchan zai iya tambaya ko mene ne ruwanmu da kantin da ke Amurka. Ruwanmu a ciki yana da yawa. Hayaƙin da aka saki a can ba ya tsayawa a can. Manoman da suke cikin ikilisiyoyinmu suna ganin damina ta rikice, masu tireda suna ganin kaya na lalacewa da zafi. Ban da haka, sharuɗɗan da manyan kantuna suke gindayawa suna bin sawun kaya har zuwa gonakin Afirka. Sabili da haka bari mu duba abin da wannan kamfani ya yi alkawari, abin da ya cika, inda ya tsaya, da dalilin tsayawarsa.

Yadda kanti yake fitar da hayaƙi

Kanti ba masana'anta ba ne, ba shi da bututun da hayaƙi ke tuƙewa daga ciki. Duk da haka yana da hannu dumu-dumu a cikin iskar da take ɗumama duniya. Masu lissafin wannan abu sun kasa shi kashi uku, kuma wanda bai gane kashi ukun nan ba, kowane kamfani zai iya ruɗinsa da alƙaluma.

Kashi na farko shi ne abin da kantin ya ƙona ko ya saki da kansa: man da tirelolinsa suke sha, gas ɗin da yake ɗumama ɗakunansa lokacin sanyi, da iskar da take zurarewa daga firiji. Kashi na biyu shi ne wutar lantarkin da yake saya, gama in da kwal ko gas aka samar da ita, hayaƙin tashar wutar yana wuyansa. Kashi na uku shi ne hayaƙin kayan da yake sayarwa, tun daga takin da aka zuba a gona, da dajin da aka sare domin kiwon shanu, da masana'antar da ta ɗinka riga, da jirgin ruwan da ya ɗauko ta, har zuwa wutar da talabijin zai sha a gidan mai saye da ranar da za a jefa shi a bola.

A wajen manyan kantuna, kashi na uku ne giwar. Walmart ya ce kashi na farko da na biyu sun kai kimanin tan miliyan 15 a 2023, alhali kashi na uku ya haura tan miliyan 600. Wato abin da kantin yake fitarwa da hannunsa bai kai kashi 3 cikin 100 na dukan nauyin ba. Alkawuran da ya kasa cikawa a kan wannan ɗan ƙaramin kashi ne.

Inda labarin ya faro

Sam Walton ne ya buɗe kantin Walmart na farko a 1962 a garin Rogers na jihar Arkansas. Yau kamfanin yana da kantuna fiye da 10,000 da ma'aikata fiye da miliyan 2, cinikinsa na shekara kuwa ya haura dala biliyan 600. Ya taɓa shigowa kusa da mu: a 2011 ya sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin Massmart na Afirka ta Kudu, mai kantunan Game, waɗanda suka yi reshe har a Kano kafin su janye daga Najeriya.

A watan Agusta na 2005 guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans. Motocin Walmart suna cikin waɗanda suka fara kai ruwa da abinci, kuma kamfanin, wanda a lokacin yake shan suka a kan ƙarancin albashi, ya sha yabo. A watan Oktoba na shekarar, shugabansa Lee Scott ya tsaya gaban ma'aikata ya ambaci buri uku: a riƙa amfani da wutar da ba ta ƙarewa irin ta rana da iska kaɗai, a daina zubar da shara, a kuma sayar da kayan da ba sa ɓarna ga ƙasa.

Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne. Kamfanin ya sa wa kansa burin sayar da ƙwan lantarki mai cin wuta kaɗan guda miliyan 100, ya kuma cika a 2007. Ya ce zai ninka yawan kayan da tirelolinsa suke ɗauka da kowace litar mai, ya kuma ba da labarin cikawa a 2015. Hanyar da aka bi mai sauƙin ganewa ce: a cika mota maƙil, kada ta dawo wayam, a rage girman kwali domin kaya su shiga da yawa, a koya wa direbobi tuƙin da ba ya cin mai. Kamfanin ya ce wannan kaɗai yana rage masa kashe kusan dala biliyan 1 a shekara.

Mu lura da wannan wuri. Duk waɗannan nasarori na farko wurare ne da rage hayaƙi da rage kashe kuɗi suka hau jaki ɗaya. Ɗan kasuwa ba ya bukatar wa'azi kafin ya daina ɓarnar mai.

Tan biliyan ɗaya

A watan Afrilu na 2017 kamfanin ya juya ga giwar, wato kashi na uku. Ya ƙaddamar da shirin da ya kira Project Gigaton, da nufin a rage ko a kauce wa hayaƙi tan biliyan 1 a wajen masu kawo masa kaya kafin 2030. Dabarar ita ce amfani da ƙarfin aljihu. Mai yin sabulu ko madara ko takalmi wanda babban rabon cinikinsa yake hannun Walmart ba zai yi kunnen ƙashi ba in aka ce masa ya rage wuta, ya rage leda, ya gyara yadda ake zuba taki. Kamfanoni fiye da 5,900 suka shiga, kuma a Fabrairu na 2024 aka yi shelar an kai ga burin.

Wannan aiki yana da amfani, ba za mu raina shi ba.  Amma akwai abubuwa uku da ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, masu kawo kayan ne suke ba da rahoton kansu. Na biyu, lissafin ya haɗa da abin da ake sa ran ayyukan za su haifar, ba abin da ya riga ya faru kaɗai ba. Na uku, kuma mafi nauyi, ya haɗa da hayaƙin da aka "kauce wa", wato wanda da an fitar in ba don gyaran ba. Mutumin da ya saba shan kwalba goma ta lemo a rana, ya yi niyyar ƙarawa zuwa goma sha biyar, sai ya tsaya a goma sha biyu, zai iya cewa ya kauce wa uku. Gaskiya ya faɗa, amma sukarin da ke shiga jikinsa ya ƙaru. Haka abin ya kasance: a shekarun da ake tara tan biliyan ɗin nan, jimillar hayaƙin kayan da Walmart yake sayarwa ba ta sauka ba, domin ciniki yana ta haɓaka. Sararin sama kuwa ba ya lissafi da abin da aka kauce wa, abin da aka zuba masa yake ɗauka.

Dalilin tuntuɓe

A watan Satumba na 2020, shugaban kamfanin na lokacin, Doug McMillon, ya ɗaga alkawarin sama. Ya ce kafin 2040 kantuna da motocin Walmart za su daina fitar da hayaƙi gaba ɗaya, kafin 2035 kuma dukan wutarsu za ta zama mai sabuntawa. Ya ƙara da cewa za a yi haka ba tare da sayen takardun fansar hayaƙi ba, abin da za mu dawo kansa. Shekara huɗu bayan haka aka amsa cewa matakan tsakiya ba za su cika ba. A ƙarshen 2023 raguwar ta tsaya wajen kashi 19 cikin 100 daga 2015, nesa da 35 ɗin da aka nufa. Kamfanin ya ambaci dalilai uku.

Na farko firiji ne. Iskar da take sanyaya manyan firijin kanti, irin wadda ake kira HFC, tana riƙe zafi fiye da iskar kabon nesa ba kusa ba. Wadda aka fi amfani da ita a kantuna, R-404A, kilo ɗaya nata yana daidai da kusan kilo 3,900 na iskar kabon. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa matsakaicin babban kanti yana asarar kusan kashi ɗaya bisa huɗu na wannan iska kowace shekara ta hanyar yoyo. Ƙasashen duniya sun amince a Kigali, babban birnin Ruwanda, a 2016 cewa za a rage amfani da ita sannu a hankali. Amma sauya tsofaffin injuna a dubban kantuna kuɗi ne masu yawa, kuma ba ya kawo ko mai saye ɗaya ƙari.

Na biyu sufuri ne. Manyan tireloli masu tafiyar nesa da ba sa shan dizal ba su wadatu ba tukuna, kuma suna da tsada. Na uku wuta ce. Wajen rabin wutar kamfanin ta zama mai sabuntawa, amma ana buɗe sababbin rumbunan ajiya da faɗaɗa kantuna da saurin da ya fi na gina gonakin sola da na iska.

In muka jera labarin daga 2005 zuwa yau, hoto ɗaya ne yake fitowa. Inda gyara yake rage kashe kuɗi, an yi gudu. Inda gyara yake cin kuɗi, an koma tafiyar hawainiya. Inda gyara zai bukaci a rage yawan abin da ake sayarwa, ba a ma taka ba. Wannan ba halin Walmart kaɗai ba ne. Kamfanin da masu hannun jari suke jiran riba daga gare shi kowane wata uku yana iya tsabtace yadda yake sayarwa, amma ba a gina shi domin ya ce wa mai saye ya haƙura ba. Kamfanin tufafi na Patagonia ya taɓa buga talla a jaridar New York Times a 2011 yana roƙon mutane kada su sayi rigarsa in ba sa bukata, a 2022 kuma mai shi, Yvon Chouinard, ya miƙa kamfanin ga wata amana domin ribar ta tafi aikin kare muhalli. Abin ya zama labari ne domin ba a saba gani ba, kuma ya yiwu ne domin kamfanin na iyali ɗaya ne, ba na kasuwar hannun jari ba.

Duk da haka, akwai abin yabo a nan. Walmart ya wallafa alƙaluman da suka nuna gazawarsa da hannunsa. A zamanin da iskar siyasa ta juya, har shugaba Donald Trump ya sa hannu a ranar 20 ga Janairu na 2025 domin fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris ta 2015, kamfanoni da dama sun zaɓi yin shiru a kan alkawuransu. Wanda ya faɗi inda ya gaza ya ba mutane abin da za su riƙe shi da shi.

Koren fenti da takardun fansa

Akwai hanyoyi biyu da kantuna suke bi su yi kyau a ido ba tare da sun sauya da yawa ba, kuma ya kamata mu san su.

Ta farko ita ce shafa koren fenti: a manna wa kaya kalmomi masu daɗin ji da hoton ganye, ba tare da hujja ba. A 2022 hukumar kare masu saye ta ƙasar Holan ta binciki kamfanonin H&M da Decathlon a kan irin waɗannan kalmomi. Kamfanonin suka amince su gyara ko su cire su, suka kuma ba da gudummawar Yuro 500,000 da 400,000 ga ayyukan kare muhalli. Mu kuwa muna ganin ƙarshen tufafin da ake yi da araha domin a sa sau kaɗan a jefar. Dilolin gwanjo suna sauka a kasuwar Kantamanto ta Accra da kasuwanninmu. Gwanjo yana rufa wa talaka asiri, yana kuma ciyar da iyalai da yawa, amma abin da ya lalace a cikin dila yana ƙarewa ne a kwatocinmu da bakin tekun Ghana, ba a ƙasar da aka yi ribarsa ba.

Ta biyu ita ce sayen takardun fansa. Kamfani ya ci gaba da fitar da hayaƙinsa, sai ya biya wani a Afirka ko Kudancin Amurka domin ya dasa itatuwa, ko ya hana sare daji, ko ya raba murhu mai cin itace kaɗan, sa'an nan ya ce ya yi canjaras. Wasu daga cikin ayyukan nan na gaskiya ne. Amma an sami inda aka kumbura lissafi. Aikin kare daji na Kariba a Zimbabuwe, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ya shiga cikin irin wannan zargi, har kamfanin South Pole da yake sayar da takardunsa ya janye a 2023. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da ake son buɗe wannan kasuwa. In baƙi suka zo ƙauye da takarda suna cewa za su biya domin itatuwa, kada dagaci ko shugaban ƙungiyar manoma ya sa hannu sai an karanta masa da harshen da yake ji: shekara nawa yarjejeniyar za ta ɗauka, wa zai riƙe ƙasar, za a hana kiwo ko ɗiban itace, kuma nawa ne zai shiga hannun mutanen gari.

Wa yake biyan kuɗin?

Dukan nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya ba. Abin da ya faɗa kan ɗan Najeriya ɗaya a shekara bai kai tan 1 ba, na Ba'amurke ɗaya kuwa ya kai wajen tan 14. Amma dubi inda ruwa yake cin gari. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara rubutawa. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 1 da gidajensu, kuma masana da suka bincika sun ce ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar irin wannan ruwan sama ƙwarai. A ranar 10 ga Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, har da Kasuwar Monday, inda jarin dubban 'yan kasuwa ya narke a dare ɗaya. A ƙarshen Mayu na 2025 kuma sai Mokwa.

Ba daidai ba ne mu ɗora komai a kan hayaƙin Turawa. Madatsar da ba a gyara ba, magudanar da leda ta toshe, da gidajen da aka gina a hanyar ruwa, laifinmu ne na gida. Sauyin yanayi yana ƙara nauyin kaya ne a kan jakin da muka riga muka bari da yunwa. Amma gaskiyar da ba ta sauyawa ita ce, duk shekarar da babban kamfani ya ɗage alkawarinsa, akwai wanda yake biyan kuɗin jinkirin, kuma galibi ba mai hannun jari ba ne.

Akwai kuma wata hanya da abin yake iso mu. Da yake kashi na uku ne mafi girma, kantuna suna matsa wa masu kawo kaya, su kuma suna matsa wa na ƙasa da su, har abin ya sauka a kan manomi. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa koko, kofi, manja, roba, waken soya, katako da kayan shanu ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna cewa ba a gonar da aka sare daji bayan ƙarshen 2020 aka samo su ba. An ɗage fara aiki da dokar, amma alƙiblar a bayyane take. Masu noman waken soya a Binuwai da Kaduna suna cikin zancen kai tsaye. Masu citta, riɗi, zoɓorodo da kaɗanya ba sa cikin jerin, amma masu saye a waje sun fara son sanin gonar da kaya ya fito. Manufar tana da kyau, sai dai in kuɗin auna gona da yin takardu ya faɗa kan mai kadada ɗaya, za a kore shi daga kasuwa a bar manya. Manoman da suka haɗu a ƙungiya, suna rubuta abin da suka shuka da inda suka shuka, su ne za su tsira.

Abin da mai tireda zai ɗauka

Ba za mu ɗora wa mai shago a Bukuru ko Tafawa Balewa nauyin da yake wuyan kamfanin dala biliyan 600 ba. Amma darasin farko na Walmart, cewa ɓarna kuɗi ce, ya fi aiki a wurinmu fiye da can.

Mu ɗauki janareta. Litar fetur ɗaya tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuma wajen kilo 2.7. Shagon da yake ƙona lita 5 ta fetur kowace rana yana fitar da fiye da tan 4 a shekara. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na 2023, farashin fetur ya ninka sau da yawa, kuma masu aski, masu cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi da dama sun koma sola. Ba taron duniya ne ya sa su ba, lissafin aljihu ne. Abin da yake hana sauran shi ne kuɗin farko na faranti da batir. A nan ne adashi da ƙungiyoyin taimakon juna da muke da su za su yi aiki: a sayo wa mutum ɗaya wannan wata, na biyu wata mai zuwa, a kuma nemi mai haɗawa wanda ya san aikinsa, gama batir na jabu asara biyu ce.

Sai lalacewar abinci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa abincin da yake lalacewa ko ake zubarwa yana jawo kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Kwandon tumatir da ya ruɓe a hanyar Legas ya tafi da taki, da man injin ban ruwa, da dizal ɗin mota, da gumin manomi. Maganin ba lallai ya zo daga waje ba. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda take riƙe kayan miya kwanaki da yawa ba tare da wuta ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Kamfanin ColdHubs na Nnaemeka Ikegwuonu yana kafa ɗakunan sanyi masu aiki da sola a kasuwanni, mai kaya ya biya kuɗin kwando na kwana. Masu firiji kuma su lura: in kullum sai an ƙara gas, akwai yoyo, kuma toshe shi ya fi araha a kan ƙari.

Na ƙarshe shi ne gaskiyar magana. Littafin Karin Magana da annabi Amos sun yi kashedi a kan ma'aunin algus, kuma mun saba fahimtar wannan a kan mudu da sikeli. Alƙaluman hayaƙi ma ma'auni ne. Kamfanin da ya zaɓi lissafin da zai yi masa kyau ya ɓoye wanda zai tona shi, ya lotsa gindin mudu ne. Mai shagon da ya sayar da farantin sola yana cewa ƙarfinsa ya kai abin da bai kai ba, shi ma haka.

Tambayoyin da za mu riƙa yi

Najeriya ma ta ɗauki nata alkawarin. A taron Glasgow na 2021 shugaba Muhammadu Buhari ya ce ƙasar za ta kai matsayin da hayaƙinta zai yi daidai da abin da take shanyewa kafin 2060, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba na shekarar. Saboda haka za mu ci gaba da jin irin waɗannan alkawura daga gwamnati, bankuna, kamfanonin siminti da manyan kantuna. Labarin Walmart ya ba mu tambayoyi huɗu da za mu gwada kowannensu da su. Wane kashi ake magana a kai, na hannun kamfanin kaɗai ko har da kayan da yake sayarwa? Jimillar hayaƙin ce ta sauka, ko kuwa an rage gudun hawanta ne? Wa ya duba alƙaluman ban da mai su? Kuma me za a yi a shekara uku masu zuwa, lokacin da wanda ya yi alkawarin yake kan kujera, ba a 2040 ko 2060 ba?

Walmart ya ce burinsa na 2040 yana nan daram. Abin da zai nuna ko haka ne ba jawabi ba ne. Yawan tsofaffin firijin da zai sauya ne, da tirelolin da zai saya, da ko zai yarda ya ɗauki wani ɓangare na kuɗin gyara maimakon ya tura shi ga ƙananan masu kawo kaya. Waɗannan abubuwa ne da ake iya ƙirgawa, kuma kamfanin yana wallafa rahotonsa kowace shekara. Mu da damina take yanke wa hukunci muna da dalilin bibiya. Allah ya ba shugabanni da 'yan kasuwa zuciyar riƙon amana, ya kuma ba mu damina mai albarka.